Ruwan da Nake Duba wa Hansatu

Asabar, 4 ga Rajab, bayan Asuba

Yaya Malam, ka gafarce ni da zan ɗora maka karatun wannan, ga ɗalibai, ga ciwon idonka. Ban ma tabbata zan aiko ba. Jiya da ka kira, ka ce ranar da Hansatu ta fita takaba za ka turo Musa da mota ya kawo ta Sakkwato, kuma daga ɗaki sai mota, kada ta taka bakin ruwa. Na ce to. Kai ne baffanta, kai ne a matsayin ubanta tun da Allah ya karɓi ƙaninka, kuma ban saba mayar maka da magana ba. Sai da na ajiye wayar na ji akwai saura a bakina. Shi ne na ce bari in riƙa zubawa a takarda, da bokona na ajin manya. In ka ga harafi ya karkace, hannun da ya saba da allo ne.

Na san dalilinka. Ina tsakar gida safiyar da aka dawo da ita daga hanyar gaɓa, a makon farko na rasuwar mijinta Basiru, ba takalmi a ƙafarta. Ba zan sake rubuta wannan ba.

Lahadi, 5 ga Rajab, hantsi

Ka ce in riƙa faɗa maka gaskiyar halin da take ciki. Tana ci, ba da yawa ba. Tana salla a kan lokaci. Tana amsa gaisuwa da murya daidai. Ba ta yi kuka ba. Ko ranar da masunta suka kawo gawar Basiru daga wajen garin Wara ba ta yi ba, har yau kuma ba ta yi ba. Wasu matan tungar masuntan nan suna cewa haƙuri ne. Wasu suna cewa wani abu daban, a hankali, in sun ɗauka ba na ji.

Tabawa, uwar Basiru, ta sa an ƙara zana a jikin dangar da ke kallon ruwa. A gidansu, in ji ta, matar wanda ruwa ya ɗauka ba ta haɗa ido da ruwa sai ta fita takaba. Ban ga haka a abin da na karanta ba. Amma dangar nan ita ke ba ni barci, sai na yi shiru.

Abin da uwargidanka Hajiya ta gaya maka gaskiya ne. Hansatu tana rubuta labari a waya, tana sakawa babi-babi a zauren mata na intanet. Ɗazu ina tsintar shinkafa ta ɗago kai.

"Inna, in roƙe ki wani abu?"

"Mi?"

"Ki tahi bakin ruwa ki dubo mini."

Na ce, "In dubo mi?"

"Ruwan. Launinai, da inda ya kai. Ina jin shi ta danga amma ba ni ganinai. Kulu na tsaye bakin ruwa tun shekaranjiya, na kasa motsa ta, don ban san abin da take kallo ba."

Kulu ita ce matar cikin labarin. Wannan ne roƙon farko da Hansatu ta yi mini tun da na tare a gidan nan don in zauna da ita. Ban iya cewa a'a ba.

Litinin, 6 ga Rajab, bayan La'asar

Na je da safe, na tsaya, na dawo. Ta ce, "Mi kika gani?" Na ce, "Ruwa." Yaya, sai ta yi dariya. Gajeriya ce, amma dariya ce, har Tabawa ta leƙo daga wurin bandar kifinta.

"Inna, kin yi wagga tahiya duka ki dawo ki ce mini ruwa?"

Ni 'yar Birnin Yauri ce, ruwan rijiya na sani, ko yana da gardi ko yana da zartsi. Na sake ɗaukar mayafi na koma.

A can na tarar da Susan, maƙwabciyarsu, wadda ta riƙa kawo mana kunu lokacin zaman makoki. Kirista ce, mai noman albasa. Tana hawa tudu da jarka biyu, numfashi sama-sama, ga kuma fili mai laima shimfiɗe kusa da ruwa ba wanda ya taɓa.

Na ce, "Maman Enoch, ga wuri nan mai kyau, mi ya kai ki can sama kina wahala?"

Ta ajiye jarkokin ta riƙe ƙugu. "Wayyo mutanen tudu! Malama, wurin ga da kike tsaye, kafin ku kama azumi sai da kwale-kwale."

"Da wane ruwan? Damina ta wuce."

"Namu biyu ne. Farin ruwa na damina ne, mai laka, mai hushi, wanda…" Sai ta dubi gidan Tabawa ta haɗiye sauran. "Shi kowa na ganin zuwanai. Na biyu baƙin ruwa. Shi ba hadari, ba tsawa. Ruwan sama ne da ya zuba can wata ƙasa ta yamma tun damina, yana ta tahiya, sai yanzu ya iso. Ya ma fara. Ki kafa kara ki gani."

Na kafa karan dawa daidai inda ruwa ya tsaya. Da na kawo wa Hansatu wannan, ba ta yi mamaki ba, ta san shi, shekarunta huɗu a nan. Ta ce, "Yawwa. Gobe ki duba mini karan."

Talata, 7 ga Rajab, hantsi

Karan yana cikin ruwa, kamar faɗin yatsu biyu. Sama tas, ko gajimare babu. Na daɗe a tsaye ina tasbihi.

Alhamis, 9 ga Rajab, bayan Azahar

Yau ta karanta mini labarin tun daga farko. Bari in taƙaita maka, don na san ba za ka shiga zauren mata ba.

Kulu 'yar tudu ce da aka aurar bakin ruwa. Mijinta ya rasu da damina. Ba ta yi kuka ba, kowa yana yabon haƙurinta, ita ma tana cewa ai ya wuce. Da farin ruwa ya janye, sai ta ɗauki irin albasar da ya bari ta sauka har ƙasa, inda laka ke da taushi, ta yi fangali mai kyau, ta dasa. Kullum tana zuwa tana cire ciyawa, tana murna ruwa na kusa, ba sai ta ɗauko daga nesa ba.

Shi ke nan abin da ya faru zuwa yanzu. Sunan mijin ba Basiru ba ne.

Abin da ya ba ni mamaki, ko sau ɗaya ba ta rubuta cewa Kulu tana baƙin ciki ba. Ba ta ce zuciyarta na ƙuna ba, ba ta ce ta kasa barci ba. Ta dai sa ta dasa albasa a ƙasa. Amma ni da na kafa kara da hannuna, ina sauraro har na ce da ƙarfi, "Kai, yarinyar ga!" kamar tana jina.

Hansatu ta nuna mini abin da mata ke rubutowa. Wata daga Shanga ta ce, "Kulu, don girman Allah ki kwashe irin ga ki hau sama!" Wata daga Ngaski ta ce ta kasa cin tuwo. Wata kuma daga Kano ta ce, "Wai marubuciya yaushe za a fara labarin ne? Babi huɗu ana dashen albasa."

Na yi shekaru ina karantar da mata ƙissoshi a Islamiyya, ina wuce sunayen wurare da sauri don in kai ga darasi. Ban taɓa lura wurin ma yana iya ɗaukar darasin a kansa ba. Ɗiyar da na goya ce ta nuna mini, tana zaune a tabarma da baƙin mayafi.

Juma'a, 10 ga Rajab, kafin a tafi masallaci

Abin yana damuna, sai na tambaya. Na ce, "Hansatu, wanga abu ba ƙarya ba ce? Babu wata Kulu."

"Kowa ya san babu Kulu, Inna. Ba na son kowa ya yarda ta taɓa rayuwa. Mutanen ni na yi su, in na ga dama gobe in canza mata suna. Amma ruwan ba nawa ba ne, ba ni da ikon yi mishi ƙarya. Shi ya sa ke nake aike, ke da ba ki ƙara ko gishiri a magana."

Ban san hukuncin ba, Yaya, kai ne masani. Na dai san tana tsananta mini fiye da yadda malaminmu na allo ya tsananta mana a hadda. Yau na ce mata ruwan kamar madubi. Ta ce, "Kin ga fuskarki ciki?" Na ce a'a. Ta ce, "To ba madubi ba ne." Na yi tunani na ce kamar shayin da ba a sa wa madara ba, in an ɗaga kofin gilashi a rana. Wannan ta karɓa.

Lahadi, 12 ga Rajab, bayan Asuba

Abin da na kai mata yau: sanyi yana tashi daga ruwan kamar hayaƙin tukunya. Zalɓe ɗaya kusa da karana, wanda saura kansa kawai. Kainuwa tana wucewa a hankali, duk gefe guda take bi. Mata sun shanya warangi a kan dutse, ƙananan kifin nan masu ƙyalli. Ƙarar da ruwan ke yi a gaɓa ba ta kai ta akuya tana shan ruwa ba.

Ta ce, "Ƙamshi fa?" Ban shaƙa ba. Gobe.

Ni dai ban san haka duniyar Allah take ba a nan kusa da mu.

Talata, 14 ga Rajab, bayan La'asar

Akwai wani wuri can ciki inda kututturan itatuwa suke a ƙarƙashi, tun zamanin da aka tare ruwa ya ci tsofaffin garuruwa. Masu jirgi suna kauce masa. Ka san wurin, an gaya maka, nan ne ruwa ya ɗauki Basiru.

Yau ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Inna, ki tambayo mini masunta. Wurin kututturan nan, zurfinai tsayin mutum nawa ne?"

Laraba, 15 ga Rajab, hantsi

Ban je ba.

Alhamis, 16 ga Rajab, hantsi

Yau ma ban je ba. Na ce ƙafata na ciwo. Tana ciwo, amma ba ita ta hana ni ba. Astagfirullah. Na matsar da tabarmata bakin ƙofar ɗakinta.

Juma'a, 17 ga Rajab, bayan La'asar

Ka kira. Na gaya maka tambayar da ta yi. Ka ce in dai rubutun ya zama dole, to ta ɗauke matar daga bakin ruwa, ta mayar da labarin cikin garin Sakkwato, ko unguwar Mabera, inda mutum zai yini bai ga ko kududdufi ba. Ka ce labari ai labari ne, ko'ina aka ajiye shi. Na ga hikimarka, har na ji sanyi a raina.

Na isar mata. Ta ce, "Baffa ya ce?" Na ce shi ya ce. Ta ce, "To."

Litinin, 20 ga Rajab, bayan Azahar

Ta bi umarninka, ina shaida. Ta sake babi guda, ta karanta mana a tsakar gida. Kulu tana Mabera, a gida mai ƙofar ƙarfe. Miji ya rasu. Tana share ɗaki, tana goge talabijin. Da yake babu albasa, babu ruwa, dole Hansatu ta riƙa faɗa da bakinta: Kulu tana cikin baƙin ciki amma ba ta sani ba, wata rana abin zai zo mata. Hausar tana da kyau. Na saurara har ƙarshe, ko sau ɗaya ban ce "Kai, yarinyar ga!" ba.

Tabawa tana juya kifi a kan waya, ta ba mu baya. Duk kwanakin nan tana nuna ba ta sauraro. Sai ga muryarta.

"Wagga kuma wace ce?"

Hansatu ta ce, "Kulu ce, Inna Tabawa."

"A'a. Kulu na bakin ruwa, na baro ta tana cirar ciyawa. Wagga matar ma'aikaci ce, zaune take tana jiran a kawo wuta."

Na danne dariya da mayafi, Allah ya yafe mini.

Tabawa ta juyo da kifi a hannu. "Can mi ka zuwa mata? Ta waccan, kowa ya san abin da ka tahowa, ita kaɗai ba ta sani ba. Wagga sai da kika hwaɗi, kuma ko da kika hwaɗi ban ji tsoro ba."

Hansatu ta dubi wayar, ta kashe ta, ta sa a ƙarƙashin matashi. Ba ta saka babin a zaure ba.

Laraba, 22 ga Rajab, kafin Magariba

Ba ta rubuta komai ba. Fuskarta na bango.

Alhamis, 23 ga Rajab, kafin Magariba

Kunu ta kurɓa sau biyu. Wayar ta mutu, ba ta ce a kai caji ba. Ba ta aike ni ko'ina ba. Na kama kaina da mayafi a hannu da safe, ba inda za ni.

Asabar, 25 ga Rajab, hantsi

Yaya, ka karanta wannan a hankali.

Da safe Tabawa ta shigo ɗakin ba sallama, da ƙaurin hayaƙi a jikinta, ta zauna a bakin katifa. Ba ta taɓa zama nan ba. Ta ce da ni, "Malama Yasira, mi ɗiyar ga ta tambaye ki da kika daina sauka?" Ashe tana lura. Na rasa yadda zan yi, na faɗa.

Ta dubi bayan Hansatu. "Ke. Mi za ki yi da zurfin wurin?"

Hansatu ta amsa, fuska na bango.

"Basiru dogo ne, Inna Tabawa. In ya shiga ɗakin ga sai ya sunkuya. Ina son in san ko ƙahwatai ta kusa taɓa ƙasa. Ko saura kaɗan ne."

Ni kuwa kwanaki ina gadin ƙofa, na fassara tambayar da abin da kai da ni muke tsoro. Ban tambaye ta ba. Ko sau ɗaya ban tambaye ta ba.

Tabawa ta ɗora hannu a ƙafar Hansatu. "Bai kusa ba, ɗiyata. Ko uku irinai aka jera, na sama ba shi ganin rana. Uban Basiru ya taɓa sa gora mai tsawo wurin, ba ta taɓa komi ba. Ba saura kaɗan ba ne. Ba abin da zai iya, ba abin da wani zai iya."

Hansatu ta sauke numfashi, irin na wanda ya ajiye tulu. Tabawa ce ta yi kukan, ta yi shi sosai, Hansatu ta tashi zaune tana shafa mata baya. Idonta a bushe.

Da Tabawa ta share fuska, sai ta ce da ni, "Malama, ki ɗauki mayafinki ki tahi ki dubo ma yarinya ruwa. Ni na sa danga, ban ce a toshe mata kunne ba." Ta zaro wayar daga ƙarƙashin matashi da kanta ta kai gidan Susan, su ke da sola.

Litinin, 27 ga Rajab, bayan Asuba

Filin da na tsaya ranar farko babu shi. Ciyawar tana nan a ƙarƙashi, koriya, tana kaɗawa, ana ganin ta sarai. Wannan ya fi komai taɓa ni. Farin ruwa in ya ci abu ɓoye shi yake yi. Wannan yana ci yana nuna maka.

Na faɗa mata haka. Ta ce, "Inna, sake hwaɗi." Na sake. Ta rubuta.

Ta mayar da Kulu bakin ruwa. Ban hana ba, ban kuma gaya maka ba da ka kira jiya. Ka tambayi lafiyarta na ce da sauƙi, kuma da sauƙin, ta ci tuwo. Sauran shi ne nake rubutawa nan.

A sabon babin, Kulu ta sauko da safe ta tarar layin farko na albasarta yana tsaye cikin ruwa, ganyen a miƙe, kamar ba abin da ya same shi. Ta ce a ranta raɓa ce ta yi yawa. Ta ci gaba da cirar ciyawa a layi na biyu. Nan babin ya ƙare. Matar Kano ta rubuto, "Na gane. Allah ya isa, marubuciya, na gane."

Alhamis, 30 ga Rajab, bayan La'asar

Tambayoyinta sun canza, kuma sai yau na lura. Da, duk ciki take aike na: launi, zurfi, abin da ke yawo a kai. Tun shekaranjiya baya take juya ni. Mi ke tudu? Wa ke aiki can? Albasar Susan ta fara kai?

Na hau na duba. Ruwan ya zo har gindin fangalin Susan. Ta ajiye jarkokin, da ƙwarya take ɗiba tana watsawa, tana 'yar waƙarsu ta coci.

"Malama mai kallon ruwa! Yau ni aka aiko ki kallo?"

"Ke aka aiko ni. Na ga kin huta."

"Awo. Wanda ya ci filin ƙasa, shi ka shayar da mu nan sama har rani. Ba don shi ba, wa ka noma albasa a ƙasar ga?"

Na isar da saƙon Hansatu: in iri ya kwana cikin ruwa, ana iya tumɓuke shi a sake dasawa a tudu?

Susan ta tsuguna ta ciro ɗaya ta nuna mini wuyansa. "In nan bai yi laushi ba, yana kamawa. Sai ya kwanta kamar ya mutu, ki ƙyale shi, zai tashi. Amma ki gaya mata ba duka ba. Rabi ma sai an yi sa'a." Ta miƙo mini shi. "Kai mata ta taɓa da hannunta. Ki ce ina cikin zauren matan ni ma, kuma in ta kashe albasar Kulu duka, ni da ita ne."

Na kawo. Hansatu ta daɗe tana murza wuyan irin da yatsa, ta kai hanci ta shaƙa. Na ce Susan ta ce ba duka ba. Ta ce, "Ba duka nake so ba."

Asabar, 2 ga Sha'aban, hantsi

Musa ya kira, yana tambayar ko hanyar tungar tana shiguwa da ƙaramar mota. Ya ce Alhamis zai taso, ya kwana Yelwa, Juma'a da sassafe ya ɗauke mu.

Na fara haɗa mata kaya. Tana kallona, ta miƙo mini zannuwan da ke ƙasan akwati.

Litinin, 4 ga Sha'aban, bayan Azahar

Jiya ta karanta mana babin da ya rage ɗaya a gama. Ruwa ya ci layi uku. Kulu ta daina cewa raɓa ce. Ta ari kwando, ta ɗaura zane sama da gwiwa, ta kama hanyar gaɓa da sassafe. Nan ta tsaya.

Yau na shirya zan sauka, sai ta ce, "Zauna, Inna. Kin gama naki."

"Ban duba na yau ba."

"Wanga babi idonki ba shi iya mini. Kulu za ta sa ƙahwa cikin ruwan. Ban san mi mutum ka ji ba in ya taɓa shi bayan… Ban sani ba. In na rubuta daga ɗakin ga, ko daga Mabera, ƙarya zan yi. Juma'a in na yi wankan fita, ina son in sauka da kaina."

Na riga na ga abin da rashin tambaya ya jawo, sai na tambaya, da sunan abin, wanda ban rubuta maka ba ko sau ɗaya. Na ce mata, in kin je, za ki dawo?

Ba ta yi fushi ba. Ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta yi ba tun damina.

"Waccan sahiya ban san inda za ni ba, Inna, ba ni yi miki ƙarya. Yanzu na sani. Kulu na da kwando a hannu. In na tsaya can, wa zai kai mata shi tudu?"

Yaya, ba ni da ilimin da zan ce maka na tabbata. Zuciya Allah kaɗai ya san cikinta. Abin da na gani shi nake faɗa, kamar yadda ta koya mini. Na ga yarinyar da ba ta iya cewa komai game da kanta ta sa ruwa yana faɗa mata, daki-daki, ba ƙari. Na ga lokacin da aka raba labarin da ruwan, ita ma ta kwanta. Kukanta bai zo ba har yanzu, ina jin yana hanya, kuma in ya iso na fi son ya same ta a nan, inda kowa ya san abu na iya makara ya zo. In an ɗauke ta Juma'a daga ɗaki sai mota, matar can za ta tsaya da kwando a hannu har abada, ita ma haka.

Ba ita kaɗai za ta sauka ba. Ni ina dama, Tabawa ta ce ita ce hagu, kuma da hannunta za ta kwance zanar. Susan ta ce tana fangalinta tun da asuba, ko ba a gayyace ta ba. Bayan nan, in ta gama babin, in ka ce Sakkwato, ni zan rako ta har ƙofarka.

Akwai abin da na yi, gara ka ji daga gare ni. Ɗazu na kira Musa na ce kada ya taso Alhamis sai ya sake ji daga bakinka. Ya ce, "Inna, Malam ya sani?" Na ce zai sani.

Gobe da safe zan ba direban motar Sakkwato takardun nan a tashar Yelwa, ya kawo maka makaranta. Ban cire komai ba, har wuraren da ba su yi mini kyau ba. In idonka ya gaji, Hajiya ta karanta maka, ita ta san Kulu.

Ina roƙon ka bar ta ta sauka. Don Allah ka ba ni amsa da wuri, kafin Alhamis. Wayar tana hannuna.